Amsa ga ɗan'uwan da ke neman Fijo 504 ya tayar da ita

Wa alaikumussalam. Ɗan'uwa na ga tambayarka tun jiya, kace ka daɗe kana neman Fijo 504 salun irin wadda mahaifinka ya hau, kana so ka saya ka gyara ta koma yadda take, amma duk wadda dillalai suka nuna maka sai ka tarar ta gama cin duniya, shine kake tambaya a ina ake samun mai kyau kuma me ake dubawa. Toh bari in faɗa maka abin da na sani, don nima tawa tana nan a gida, a kwance na same ta.

Na farko ka daina bin dillalan bakin titi akan wannan maganar, ba wai don mutanen banza bane, a'a, kawai 504 ɗin da ta iso hannun dillali yawanci ta riga ta yi tasha, ta yi Kano zuwa Jos ta yi Kaduna zuwa Sakkwato shekara da shekaru da mutum uku a gaba, an yi mata walda an sake yi, an shafe da foti an fesa fenti. Mai kyau tana cikin gida ne. Tana garejin wani tsohon ma'aikacin gwamnati ko tsohon malamin jami'a ko soja mai ritaya, an lulluɓe ta da tamfol tayoyi sun zauna. Kuma wanda ya san inda take shine tsohon makanikin Fijo, irin dattijan nan da yanzu aikin ya ragu musu tunda gari ya koma Toyota da Honda. Ka je garejinsu ka zauna, ka gaisa, ka sayi shayi, kayi hira. Su suka san motar Alhaji wane tun tana sabuwa, sun san ranar da aka ajiye ta da dalilin ajiyewar. Tawa ta hannun irin wannan dattijon na samu a Zariya, shi ya dinga yi mata sabis har mai ita ya rasu, daga nan aka rufe gareji shikenan ba wanda ya sake waiwayarta sai kaji da suke kwana a ƙarƙashi.

Kuma gaskiya mu nan arewa mun yi sa'a ta ɓangare biyu. Kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna tun 1975 ya fara haɗa Fijo, kuma an ci gaba da yin 504 a Najeriya shekaru da yawa bayan Faransa ta daina yin salun ɗin a 1983, har aka shigo shekarun 2000 ana fitar da ita, don haka motar tana da yawa a ƙasa. Sannan iskarmu busasshiya ce, motar da ta yi rayuwarta a Katsina ko Azare ba ɗaya take da wadda ta zauna Legas ko Fatakwal ba wajen tsatsa. Mu rana ce ke mana ɓarna, ta fasa dashbod ta busar da robobi.

Wannan ya kawo ni kan abin da nake so ka riƙe: jiki zaka saya da takardu, inji ba shine abin damuwa ba. Mutane da yawa suna zuwa sai su ce a tayar musu suji ƙara, in ta tashi sai hankalinsu ya kwanta su biya kuɗi. Injin 504 mai cc 1971 ɗin nan, girman injin kenan ba shekara ba, har a Fijo 505 akwai shi, kayansa ana samu, kowane tsohon makaniki zai sauke shi ya haɗa maka. Amma jikin da ya ruɓe, kuɗin da zaka kashe wajen mai walda sai ya ninka kuɗin motar kuma ba zata taɓa miƙewa daidai ba.

Ka tafi da tocila da ɗan maganaɗisu, ko na jikin tsohuwar sifika ma ya isa. Ka ɗaga kafet ɗin gaba ta ɓangaren direba da na fasinja ka kalli ƙarfen ƙasa, ka danna da babban yatsa, in kaji yana ƙaras ƙaras ko yana lotsawa toh ka san inda ka tsaya. Ka buɗe but ka fitar da duk tarkacen da ke ciki ka duba kusurwoyi. Ka buɗe bonet ka duba inda kan shokozoba ya zauna hagu da dama, nan ne motocin da suka sha ramuka suke tsagewa, in kaga an ɗora faci an yi walda ka lura sosai. Ƙarƙashin ƙofofi, wajen da ake sa jak, gefen gilashin gaba inda ruwa ke kwanciya bayan roba ta bushe. Maganaɗisun kuma ka bi jikin motar da shi a hankali, duk inda ya ƙi kamawa foti ne aka cika. Sannan ka ja baya ka tsuguna ka kalli motar daga gaba, ka duba tazarar ƙofofi da bonet ko daidai suke, in gefe ɗaya yatsa na shiga ɗaya baya shiga, ta taɓa cin karo.

Abin da zai wahalar da kai nema kuwa ƙananan kaya ne, fitilun baya na asali, bamba, azurfar gefe, zakin gaba, agogon dashbod, hannun ƙofa. Shi yasa motar da injinta ya kama amma komai nata yana jiki ta fi mini wadda ke tashi amma an yi mata kwashe. Na sha yawo a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna akan fitilar baya kawai, kuma yanzu 'yan gwangwan sun sare da yawa sun auna a kilo, abin takaici wlh.

Ka kuma leƙa ƙarƙashi ta baya ka san wace iri ce a gabanka. Samfurin da ake kira GL, ta farkon nan, kowace ƙafar baya zaman kanta take kuma birkin faifai ne duk huɗun, ita ce mai laushin tafiyar da ake ba da labari. Akwai kuma masu aksil guda a baya, sun fi sauƙin gyara da jure kaya. Ba wadda take da laifi, kawai kar a sayar maka da wata da sunan wata don an manna tambari a but.

Sai maganar da tafi komai kawo rigima, gado. Yawancin irin motocin nan masu su sun rasu. Ɗa ɗaya zai fito yace shi ne babba ya sayar maka, ka kwashe wata da watanni kana zuba kuɗi, ranar da ta fito tana ƙyalli sai ga ƙaninsa ko 'yar'uwarsu da ke aure a wani gari tace ita bata san zancen ba, motar babansu ce ba a raba ba. Ka tambaya kai tsaye, an raba gado? Rabon wa ta faɗa? In ba a raba ba a tara magada ko wakilinsu, a rubuta takarda kowa ya sa hannu da shaidu, in da hali a gaban mai unguwa. Ni sai da na jira wani ɗansu ya dawo daga tafiya kafin na ba da ko kafin alƙalami, kuma hajiyar gidan da kanta ta ɗauko mini takardun a cikin wata tsohuwar jakar fata, har da littafin motar na asali da rasiɗan sabis an ɗaure da kyauro. In kuma tsohuwar motar gwamnati ce ka nemi takardar gwanjo. Ka gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce, harafi da harafi. Wasu zasu ce maka ka tsallaka Maraɗi ko Damagaram, eh akwai su can har masu dizal, don a da Turawa kan koro su daga Faransa ta cikin sahara su sayar a Nijar, amma ka sa lissafin kwastan a ciki tun kafin ka tafi.

Wajen ciniki kar ka nuna zumuɗi, kuma kar ka kushe motar a gaban iyalan, abin mahaifinsu ne. Ka bar dattijon makanikin yayi magana, ka bashi la'adarsa da kyau don zaka sake buƙatarsa.

In Allah yasa an sallama maka, don Allah kar ka bari yaran gareji su kawo batir su fara kik. Ka kira janwe a ɗauke ta. A cire fulogai a zuba ɗan mai a kowace silinda a bar shi ya kwana biyu, sannan a juya injin da hannu da sifana. A sauke tanki a wanke, tsohon fetur ya zama danƙo zai toshe kafireto. A canza bakin mai, a duba lagireto da duk robobin ruwa. Kuma ka gaya wa makanikinka, in ya cire kan inji kar ya juya injin sai ya danne hannayen silinda, wato bututun ƙarfen da fistin ke tafiya a ciki, don na wannan injin zarewa suke, in suka motsa ruwa zai dinga haɗuwa da mai. Tsoffin sun sani, yaran yanzu ne ba lallai ba. Birki gaba ɗaya sabo, ba ciniki akan wannan, taya ma haka ko da kaga zanenta bai cinye ba. Fenti shine na ƙarshe, kuma ka ajiye kuɗin gyara daban wanda ya fi na sayen, don ba a gamawa a wata ɗaya.

In ka samu wata kafin ka biya ka turo hotunan ƙasan kafet, cikin but, kan shokozoba da farantin lambar shasi, mu duba tare. Wane gari kake ma tukuna? In kusa da Zariya ne zan iya haɗa ka da dattijon nan, har yanzu yana fitowa gareji da safe.