Amsa ga ƙanina na Agege mai son karatun duwatsun ƙasan teku

Salam ƙanina, na ga saƙonka, ka ce ka gama jiyofiziks, wato ilimin auna abin da ke cikin ƙasa, a Unilag kana son zuwa mastas nan Jamus, malaminka ya ba ka batun yadda ruwan teku ke cin dutsen basal har gudun igiyar girgiza a cikinsa ya canza, kana tambaya ko ɓata lokaci ne. Kar ka saki batun nan wallahi.

Ka san yadda iyayenmu mata ke ƙwanƙwasa tukunya kafin su saya, mai tsaga sai ta yi ƙara dum-dum? To haka basal yake, baƙin dutsen aman wuta irin na Biu. Sabon da ya fito a tsakiyar teku duk tsaga ne da ramuka, igiyar na tafiya kamar kilomita 2.5 a sakan a saman nasa, amma cikin shekara miliyan 10 sai ta haura 4, don yumɓu da kalsait, wato ma'adinin da ke cikin farar ƙasa, sun toshe tsagogin. Abin da ya rikita ni farkon zuwana shi ne in ka yanko ɗan guntu ka auna a lab, akasin haka zaka gani, sabo na ba da wajen 6, tsohon da ruwa ya ci kuma ya ragu, don ainihin ƙwayar dutsen ta koma yumɓu. Dutse ɗaya amsa biyu, kuma duk gaskiya ne, ya danganta da guntu ka auna ko ƙasan tekun gaba ɗaya. Nan bincikenka yake.

A birnin Bremen nan Jamus ake ajiye samfuran dutsen da jirage irin su Glomar Challenger da JOIDES Resolution suka haƙo daga Atlantika, ma'ajiyar sanyi kamar firij, ranar farko da na riƙe guntu ɗaya sai da yatsuna suka ƙage, ga jan tsatsa-tsatsa a bakin tsagar.

Amma fa kuɗin asusun biza, wato wanda za ka ajiye a banki kafin a ba ka bizar karatu, kusan Yuro dubu 12 ne na shekara, kar wani ejan ya ce maka zai wuce da kai ba tare da shi ba, gara ka nemi tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗalibai tallafin karatu. Kafin nan ka dage da lissafi da yaren kwamfuta na Python, ka leƙa cibiyar binciken teku ta NIOMR a Victoria Island ko da aikin sa kai ne. Turo min takardar sakamakonka in duba, ka gaida Hajiya.