Shin Likitancin Karnuka da Kyanwoyi Sana'a Ce da Za Ta Riƙe Mutum?

Tambaya: Likita, ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare a Kano, kuma tun ina ƙarama nake jinyar kyanwoyin gidanmu. Burina in zama likitar ƙananan dabbobi, amma mahaifina ya ce likitan dabbobi na gaske shi ne na shanu da tumaki, wai duba kare da mage aikin Turawa ne da ba ya ciyar da mutum a nan. Mene ne gaskiyar aikin, kuma wace irin rayuwa masu yin sa suke yi?

Amsa: 'Yata, maganar mahaifinki tana da tushe, domin a ƙasar da dukiyar jama'a take a garke, dole hankali ya fi karkata ga shanu da awaki da kaji. Abin da zai kwantar masa da hankali shi ne babu jami'ar da za ta koya miki kare da kyanwa kaɗai. Digiri ɗaya ake bayarwa, na likitancin dabbobi gaba ɗaya, kuma shekara 6 ake yi idan ta hanyar JAMB aka shiga da Turanci da ilimin halittu da Kimistiri da Fizis. A Arewa akwai tsangayar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ta fi daɗewa, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri. Za ki taɓa sa da doki da raƙumi da kaza, ki shiga mahauta ki koyi duba nama, sannan a shekarun ƙarshe ki zagaya sassan asibitin koyarwa, ciki har da na ƙananan dabbobi. Sai kin yi rantsuwa, Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya ta yi miki rajista, kin kuma yi hidimar ƙasa, kafin ki zaɓi ɓangaren da za ki duƙufa a kai.

Inda na saɓa da mahaifinki shi ne cewa aikin na Turawa ne. Babbar hujjata ciwon haukar kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, da yawansu yara ne, kuma kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke ɗauka. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma allurar da ake yi wa kwikwiyo yana wata 3, a riƙa maimaita ta, ita ce take datse hanyar cutar tun kafin ta iso ga ɗan Adam, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda take can tun 1924, tana cikin masu haɗa ta. Saboda haka duk karen farauta ko na gadi ko na makiyayi da kika yi wa rigakafi, yaran unguwa kika tsare. Ke ce kuma za ki koya wa uwa cewa idan kare ya ciji ɗanta, ta wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, ta garzaya asibiti a ranar, kada ta tsaya ɗaura gashin karen a kan rauni kamar yadda wasu suke yi. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara an ware ta don yaƙi da wannan ciwo, ranar da Louis Pasteur ya rasu, wanda ya fara yi wa mutum allurar a 1885.

Aikin yau da kullum kuwa na mai haƙuri ne da lura, domin majinyacinki ba ya cewa ga inda yake masa ciwo. Ba na manta wata kyanwa da wata dattijuwa ta kawo mini a cikin kwandon cefane, ta lulluɓe ta da tsohon zane. Fuskarta ta kumbura, numfashinta sama-sama, da na ɗaga leɓenta sai na ga dasashin ya koma ruwan ƙasa maimakon ja. Na tambayi abin da aka ba ta, sai ta ce rabin Panadol ne kawai, don ta ga jikinta da zafi. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani yadda tamu take yi, shi ya sa abin da yake sauƙi a gare mu guba ne a gare ta. Mun kwana biyu a kanta da ƙarin ruwa da maganin karya gubar, Allah ya sa ta tashi, amma hawayen matar nan lokacin da ta gane da hannunta ta ba da shi ya koya mini cewa rabin aikinmu a kan mai dabba yake. Ban da irin wannan, za ki sha ganin 'yan kwikwiyo masu cutar farbo, da amai da gudawar jini mai warin da ba ya ɓacewa a hanci, kina laluben jijiya siririya kamar zare don ki sa ruwa. Akwai ciwon jini da kaska take kawowa, musamman da damina, da ƙazuwa, da tsutsar ciki, da karaya daga bugun mota, da tiyatar fidiya ko cire mahaifa. A wuni ɗaya ke ce likitar yara, ke ce mai tiyata, ke ce mai duba jini a madubin likita.

Batun abinci, ba zan ɓoye miki ba: ya danganta da gari. A Abuja da Legas da Fatakwal asibiti mai zaman kansa yana iya tsayuwa a kan karnuka da kyanwoyi kaɗai. A Kano ko Kaduna ko Jos yawancin abokan aikina haɗawa suke yi, su duba kare da safe, su leƙa gidan kaji da rana, su sayar da magani da abincin dabbobi. Akwai kuma aikin gwamnati, da koyarwa a jami'a, da rundunonin 'yan sanda da soja da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, waɗanda suke da karnukan aiki masu buƙatar likita.

Kin tambayi irin rayuwar masu sana'ar. Abin da na lura shi ne sha'awar mutum takan ja ragamar aikinsa. Wanda ya tashi da kiwon tattabaru yakan zama shi ake nema idan aku ko ɗawisu ya kwanta. Mai son dawaki za ki same shi a filin folo ko wajen hawan salla. Mai ƙaunar aikin hannu yakan ƙare a ɗorin ƙashi da tiyata. Ni kaina zomaye nake kiwo a bayan gida, da ɗan lambun zogale da nake yi wa ban ruwa bayan la'asar, kuma ina ɗaukar wannan da muhimmanci. Aikin yana da nauyi a zuciya, domin za ki ga dabbar da kin san maganinta amma mai ita ba shi da kuɗin, za ki kuma ga wadda ba abin da ya rage sai a sauƙaƙa mata wahala. A Ingila da Amurka, inda aka bibiyi lamarin sosai, an gano damuwa da gajiyar rai sun yi yawa a tsakanin likitocin dabbobi, don haka mai shiga aikin yana buƙatar abin da zai riƙa sauke masa gajiya, da zumuncin da ba na asibiti ba.

Idan kuma ƙyamar kare ce a ƙarƙashin maganar mahaifinki, ku je tare wurin malamin da ya yarda da shi. A mazhabar Malikiyya da muke bi, dabba mai rai tsarkakakkiya ce, kuma sanannen hadisi ne cewa an gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. A asibiti ma da safar hannu da rigar aiki da takunkumin bakin kare muke aiki.

Kafin ki cike fom ɗin JAMB, ki nemi izininsa ki yi mako biyu na hutu a asibitin dabbobi mafi kusa da ku, kina wanke keji, kina riƙe kyanwa ana mata allura, kina kallon tiyata daga farko har ɗinki. Idan zai yiwu, ki roƙe shi ya raka ki ranar farko ya zauna a bencin jira, ya ga irin mutanen da suke shigowa.