Hukuncin Karɓar Diyya Idan Kamfanin Jirgi Ya Sauya Wa Fasinja Kujera

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na yanki tikitin bizines saboda ciwon baya, amma ana dab da shiga jirgi aka mayar da ni ikonomi, wai an canja jirgin. Sun ce za su ba ni takardar rangwame a wata tafiyar. Ya halatta in nace sai kuɗi? Diyyar da za a ɗora a kai ba riba ba ce?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara lafiya, ɗan'uwa.

Yankan tikiti ijara ce, wato haya: ka sayi amfani mai siffa sananniya, kuma yana wuyan kamfanin. Jirgi kaza ba shi ka yi haya ba, don haka suna iya canja shi, amma siffar da ka biya dole su cika ta. Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida: “Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alkawura.” Rarar da ke tsakanin kuɗin kujerun biyu haƙƙinka ce, ko da uzurinsu na gaskiya ne. Uzuri yana ɗauke zunubi, ba ya halatta riƙe kuɗin aikin da ba a yi ba.

Takardar rangwamen kuwa sulhu ce, sai da yardarka. Abin da ya fi damuna a nan shi ne yadda ake miƙa wa fasinja ita a bakin ƙofa, ana kiran sunansa a lasifika, jaka a kafaɗa, ya sa hannu bai karanta ba. Wannan ba ita ce yardar da aya ta 29 a Suratun Nisa'i take nufi ba.

Diyya ba riba ba ce. Riba ƙari ce a kan bashi saboda jinkiri, wannan kuwa sakayya ce ta saɓa aiki. Bukhari ya kawo daga Ibnu Sirin cewa wani ya ce wa mai hayar raƙuma ya shirya, in shi mutumin bai tafi rana kaza ba, zai biya mai raƙuman dirhami 100. Bai tafi ba, sai Alƙali Shuraihu ya hukunta cewa wanda ya ɗora wa kansa sharaɗi ba da tilas ba, ya hau kansa. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Riyad a 2000, ta halatta irin wannan sharaɗi a ƙulle-ƙullen da ba na bashi ba.

Abin da hukuma ta ƙayyade ma sharaɗi ne, domin kamfanin a kansa ya karɓi lasisi. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004, alal misali, ta wajabta mayar da kashi 30, 50 ko 75 cikin ɗari na kuɗin tikitin gwargwadon nisan tafiya, cikin kwana 7. Duba dokar da ta shafi tafiyarka, ka ajiye tikitinka da katin shiga jirgi, ka rubuta musu. Sai dai kada ka ƙara ko sisi a kan asarar da ka yi, don ƙarya a kan kamfani ma haramun ce.

Wallahu a'alam.