Tambaya da Amsa: Kullum ina ɗora yajina a sitatus amma shiru

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara. Ni matar aure ce a Zariya, wata biyar kenan da na fara haɗa yaji ina saidawa, na tafarnuwa da na daddawa da na ƙuli, kuma wallahi duk wanda ya ci sai ya ce ya yi daɗi. Kullum sai na ɗora a sitatus ɗina na WhatsApp, wani lokacin har sau uku a rana, mutane su kalla su ce masha Allah Allah ya sa albarka shikenan, babu mai saye sai dangi su ma yawanci bashi ne, kawo biyu sai ƙarshen wata. Haɗin da na yi na ƙarshe na kashe naira 26,000 har da niƙa da roba da kuɗin adaidaita, na samu roba 30 ina ba da kowacce 1,000, amma har yau uwar kuɗina ba ta dawo ba. Maigida ya fara cewa in haƙura kawai. Ko dai ba ni da hannun kasuwa ne?
Daga wata 'yar uwa, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki cire maganar rashin hannun kasuwar nan daga ranki, wadda ta iya daka yajin da ake yabawa ta gama mai wuyar. Abin da ya rage shi ne har yanzu kayanki ba su je gaban masu buƙatarsu ba.

Su waye ke kallon sitatus ɗinki? Waɗanda suka ajiye lambarki ke ma kika ajiye tasu ne kaɗai, wato yayyenki da ƙannenki da matan unguwa da ƙawayen makaranta, kuma yawancinsu suna da turmi a gida sun iya daka nasu. Mutanen nan dai kike ta nuna wa roba ɗaya wata biyar, bayan awa 24 hoton ya ɓace ki sake ɗora musu. Toh ai ko sau goma kika ɗora ba su ƙaru da mutum ɗaya ba.

Zauna ki yi tunanin wanda yaji ya zame masa dole amma ba shi da lokacin yinsa. Kina Zariya fa, ga ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo waɗanda shinkafa da wake da mai da yaji ke riƙe da su, ga iyayen da ke haɗa wa yara kayan komawa makarantar kwana, ga ma'aikatan asibiti da malaman makaranta da ke dawowa gida a gajiye, ga masu tsire da balangu da kullum sai sun nemi yajin ƙuli, ga masu awara da wainar fulawa. Sannan ga wanda ni na fi so ki riƙe da kyau, yajin jego. Duk gidan da aka haihu sai an nemi yaji mai citta da kanumfari da masoro, kuma wadda ta samu mai yi mata da tsafta ba ta canjawa, ita ce ma za ta turo miki ƙanwarta da kishiyarta in lokacinsu ya zo.

Yaji ba a sayensa da ido, da baki ake saye. Ki ware roba biyu ki ƙulla ƙanana-ƙanana a leda kamar na cokali ɗaya, ki liƙa lambar wayarki a jiki, ki kai islamiyyarku, ki kai gidan suna, ki ba ƙaninki ya kai wa mai tsiren bakin titi, ki samu ɗaliba ɗaya mai amana a hostel ki ce duk roba biyar da ta sayar tana da kamashonta. Na taɓa ganin wata baiwar Allah a wajen walima ta zo da dafaffen dankali yankakke a faranti da yajinta a gefe, ba ta ce wa kowa ya saya ba, kawai cewa take bismillah ku ɗanɗana, kafin a tashi jakarta ta koma babu komai. Bayan kwana biyu ki kira waɗanda kika ba wa, ki gaishe su ki tambaya ya suka ji shi, zafin ya yi yawa ne ko gishirin. A nan ciniki yake ƙulluwa, kuma a nan ne yawancinmu kunya take kama mu mu yi shiru.

Yanzu lissafinki, don shi ya fi tayar min da hankali. In kika raba 26,000 gida 30, kowace roba ta tsaya miki a kusan 867, kenan ribarki gaba ɗaya 4,000 ce ko da kin sayar da komai kuɗi hannu, ba a ma sa wahalar gyaran barkono da tankaɗe da atishawar da kika sha ba. Mutum biyu kacal suka ɗauki bibbiyu ba su biya ba, ribar ta tafi, na uku kuma cikin jarinki yake ci. Ko dai ki ƙara kuɗin ko ki rage girman robar, ki kuma fito da ƙaramin ƙulli wanda ɗalibi zai iya saye ba tare da dogon tunani ba. Kayan haɗin kuma ki daina sayensu tsinci-tsinci, ki sari barkono da citta a lokacin kaka da suke araha ki shanya ki adana.

Batun bashi na san da nauyi, Hausawa sun ce bashi hanji ne yana cikin kowa, amma jarin 26,000 ba zai iya ɗaukar dangi ba. Ki faɗa musu da fara'a cewa kuɗin sari ne in bai dawo ba gobe babu yajin. Wadda kike so ki kyautata wa ki ba ta ƙaramin ƙulli kyauta ki san kyauta kika yi, ya fi ki rubuta bashin da ke da ita kun san ba za a biya ba. Ki sayi ƙaramin littafi ki dinga rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita, shi za ki nuna wa maigida, in ya ga alƙalami yana magana shi da kansa zai fara kai miki ofis ɗinsu.

Sitatus ɗin kuma kar ki bari, ki dai canja abin da kike ɗorawa. Ɗauki ɗan bidiyo kina barbaɗa shi a kan wake da shinkafa da rana tsaka lokacin da yunwa ta fara taɓa mutane, ki rubuta kuɗin a jiki ƙarara. Sai ranar da kika so shiga manyan kantuna ne za ki fara neman lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, don kantunan sai da ita suke karɓar kayan abinci, wannan sai ƙafarki ta tsaya.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ni saurayi ne a Kano, ina saro yadi da shadda a Kantin Kwari ina tallatawa a Facebook. Mutane suna tambayar nawa, in na faɗa sai su ɓace, na nesa kuma ba sa yarda su turo kuɗi kafin kaya, sau ɗaya ma an yi min alat na bogi na yi asarar shadda biyu. Ya zan yi?

AMSA: Lafiya lau ƙanena, Allah ya mayar maka da alheri. Ka daina cewa a biyo ka inbos kafin a ji kuɗi, rubuta shi a ƙarƙashin hoton tare da yadi nawa ne, wanda ya yi maka magana bayan ya ga farashi shi ne mai saye. Hoton ma ka ɗauka da kanka a hasken rana, kar ka kwafo na wani, don ranar da kala ta saɓa da abin da ya isa hannun kwastoma ka rasa shi da duk wanda zai ba labari.

Mutumin Jos ko Yola da bai taɓa ganinka ba yana da gaskiya in ya ji tsoro, shi ma an taɓa cutarsa. Kira shi ta bidiyo kana cikin Kwari ya ga fuskarka ya ga kayan a hannunka, in ka kai tasha ka tura masa hoton ƙullin da lambar direba, in kaya ya isa ka roƙe shi izinin nuna saƙon godiyarsa. Idan hali ya samu ka yi wa sunan kasuwancinka rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe asusun banki da shi, mutane sun fi sakin jiki da tura kuɗi can.

Alat kuma kar ka sake yarda da saƙon tes ko hoton rasit, buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna tukunna ka saki kaya, ko da mutumin yana ta rantsuwa cewa netwok ne ya riƙe su, ka ce masa ba komai Alhaji, kayanka na nan a ajiye har su shigo.