Tsohuwar motata lafiyarta ƙalau amma an dame ni wai in canza ta

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ina da Toyota Camry ƙirar 2004, mai silinda huɗu, otomatik, da ita nake kai yara makaranta in wuce wurin aiki. Ba ta taɓa ajiye ni a hanya ba, amma abokaina kullum sai sun ce wai na wuce hawa irin wannan motar, in ci bashi in sayi jif. Ni kuma har ga Allah ina jin daɗinta, sai dai maganar ta fara shiga raina. Akwai wani abin so a irin waɗannan tsofaffin motocin, ko dai sabo ne kawai ke ɗawainiya da ni?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, amin na gode. Toh gaskiya ba sabo ba ne kawai, akwai dalili, kuma tun a tambayarka ka faɗi mafi girman dalilin da bakinka, wato ba ta taɓa ajiye ka a hanya ba. Mu da muke wuni a ƙarƙashin mota wannan maganar ita muke fara saurara kafin mu kalli fenti ko fitila. Motar iyali aikinta kenan, ka murza makulli da sassafe ta tashi, ta kwashi yara da jakunkunansu, ta dawo da kowa gida lafiya, gobe ma haka jibi ma haka, har mutum ya manta da cewa inji ne yake wannan wahalar. To wannan mantawar da ake yi da ita ce ma take jawo mata raini.

Bari in ɗan yi maka bayanin abin da ke hannunka. Camry irin taka tana cikin zubin da aka yi daga 2002 zuwa 2006, injinta sunansa 2AZ-FE, lita 2.4. A shekarun nan a Amurka kaɗai ana sayar da Camry sama da 400,000 duk shekara, kuma ta daɗe tana riƙe da kambun ƙaramar motar da aka fi saya a can. Ƙanwarta Corolla kuwa tun 1966 ake ƙera ta, zuwa 2021 an sayar da sama da miliyan 50. Kar ka ɗauki wannan lissafin a matsayin labari kawai, ya shafi aljihunka kai tsaye. Motar da aka buga da yawa haka kayan gyaranta ba sa wahalar samu, sabo da na hannu, na kamfani da na wasu kamfanonin, sannan duk wata cuta da take da ita an riga an gano ta tuntuni an san maganinta, babu makanikin da zai mayar da motarka wurin koyon aiki. Ka kai wata mota mai ban sha'awa da ba kowa ke da ita ba gareji, sai kaga an kewaye ta ana shawara, taka kuwa daga jin ƙarar ma an san inda za a taɓa.

Buɗe bonet ka leƙa da kanka. Zaka ga fili, hannu yana shiga ko'ina, kwail huɗu masu bai wa fulogi wuta a jere a saman injin, ka kwance su fulogi na nan ƙasa, aikin ɗan lokaci kaɗan. Babu tobo, na'urar nan mai cusa wa inji ƙarin iska, nozul ɗinta ba irin mai fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsanancin ƙarfi ba ne, giyarta irin ta da ce mai jure wahala in dai ana kula da man giyar, kuma tayimin ɗinta, wato abin da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul, sarƙa ce ba bel ba, in ana juyen baƙin mai a kan lokaci sarƙar kan daɗe ƙwarai ba a taɓa ta ba. Duk da haka ba ta tsufa har ta fita daga zamanin kwamfuta ba, domin tun 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka soket ɗin nan na OBD-II, yana nan ƙarƙashin sitiyari, ɗan ƙaramin sikana ma zai karanta maka dalilin da ya sa wutar cek injin ta kama. Ni a ganina motocin tsakanin ƙarshen shekarun 1990 zuwa wajen 2010 sun faɗo a daidai gaɓa mai kyau, sun rabu da wahalar kafireto, kuma ba su kai lokacin da komai sai an shiga allo ba. Esi ma maɓalli ne kake murɗawa, ba sai ka ɗauke ido daga titi ba.

Sai maganar jif da abokanka ke yi. Jif tana da amfaninta, in hanyarka ramuka ce da laka ko iyalinka sun fi mutum biyar, babu musu. Amma in a kan kwalta kake yawancin zirga-zirgarka, salun, wato ƙaramar mota irin taka, ta fi ta kwanciya a hanya saboda nauyinta yana ƙasa, ba ta tangaɗi a kwana kamar doguwar mota, iska ba ta tare ta sosai don haka mai ma ta fi sauƙin sha in aka haɗa ta da jif mai irin girmanta da shekarunta. Tayarta inci 15 ko 16 ce mai kaurin gefe, ita ke shanye ƙananan gargada kafin su iso bayanka, kuma canza ta bai kai canza manyan tayoyin jif ciwo ba. But ɗinta ya kai kusan lita 470, a rufe yake ruf ba mai ganin abin da ka ajiye. Kujerar baya kuwa manya uku za su zauna, tsoho ma zai shiga ya fita ba sai an ɗaga shi ba. Waɗannan abubuwan ba sa fitowa a hoto shi ya sa ba a yabonsu, sai wanda ya yi doguwar tafiya ya sauka bayansa bai riƙe ba shi ya sani.

Kuma akwai kwanciyar hankalin da ba a cika faɗa ba. Motarka ta gama faɗuwar daraja, abin da za ta rage nan gaba kaɗan ne, alhali wadda zaka ci bashi ka saya daga ranar da ka karɓi makulli take fara zubewa kai kuma kana biya. Yaro ya zubar da abu a kujera ko wani ya goge ta a wurin fakin, ranka zai ɓaci amma ba zaka kasa barci ba. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma taka ka san tarihinta, ka san wanda ya taɓa ta da abin da aka canza, jif ta hannu da zaka ɗauko kuwa baka san me tsohon mai ita ya ɓoye a ciki ba.

Amma fa ba zan yi maka daɗin baki in bar ka haka ba, tunda yara kake ɗauka. Inda tsohuwar mota ta gaza da gaske shi ne kariya lokacin hatsari. Na'urar nan da ke hana mota zamewa ta juya, ESC, sai daga ƙirar 2012 ta zama dole a Amurka, a Tarayyar Turai kuma 2014, a zamanin motarka zaɓi ce, da yawa ba su da ita, haka jakar iska ta gefe, wasu ma ko ABS, mai hana taya kullewa in an taka birki, babu. Ka kunna makulli ba tare da ka tayar da injin ba ka kalli dashbod, wutar ABS da ta jakar iska su kama sannan su mutu bayan 'yan daƙiƙu, in wata ba ta kama ba sam to a bincika, don akwai masu cire ƙwan don su ɓoye matsala. Abin da baka da shi na na'ura sai ka rama da taya mai kyau, birki mai kyau, bel ɗin kujera a jikin kowa har na baya, da rage gudu. Taya ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT, misali 2319 na nufin sati na 23 na 2019, in ta haura shekara shida ka fara shirin canza ta ko da zanenta bai cinye ba, roba tana bushewa. Man birki yana shan danshi, duk shekara biyu zuwa uku a zubar a sa sabo. Masu Accord ta 2001 zuwa 2007 da Corolla ta 2003 zuwa 2008 da ke karanta wannan, dan Allah ku duba lambar shasinku mai harufa da lambobi 17 a shafin kamfanin, domin da yawansu suna cikin motocin da aka yi wa kiranye saboda jakar iskar kamfanin Takata mai fashewa ta watso ƙarfe.

Shi kuma injin naka abu ɗaya ne ba ya yafewa, zafi. Bulok ɗinsa alminiyom ne, kuma an san 2AZ-FE na waɗannan shekarun da matsalar zaren kusoshin da ke ɗaure tof silinda, wato kan injin, musamman na baya, in ya yi obahitin, wato zafi ya wuce ƙa'ida, sai zaren ya saki, ruwa ya fara tsatsafowa ta bayan injin, daga nan sai tof gasket, shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da bulok, ya lalace. Don haka lagireto da tiyo-tiyonsa da famfon ruwa da fanka su ne wurin sa ido, a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya ba ruwa zalla ba, kuma kar ka yarda wani ya cire maka tamostat, mai daidaita zafin inji, wai don mota ta yi sanyi. Allurar zafi ta wuce rabi ka faka ka kashe, kar ka ce bari in ƙarasa gida. Man giya kuma nau'in T-IV take sha, ka zaro sandar ka duba, ja ne ko ya koma baƙi yana ƙauri.

Sauran abubuwan da za su dinga tasowa, shokozoba, bushin da bolojoyin na ƙafafun mota, injin sitin wato robar da inji ke zaune a kai, roba mai yoyon mai a murfin inji, duk tsufa ne na yau da kullum, a yi su ɗaya bayan ɗaya, ba su ne dalilin rabuwa da mota ba. Abin da zai sa ni da kaina in ce maka ka sake ta shi ne in an ɗaga ta sama an ga tsatsa ta ci shasi ko wurin da ƙafafu ke ɗaure har sukudireba na shiga, ko an gano ta taɓa mummunan hatsari an miƙe ta da wuta, ko kuma giya da inji sun nemi aiki babba a lokaci guda. Ka kai ta wurin makanikin da ka yarda da shi ya ɗaga ta ya duba ƙasan da fitila, ya gwada kwamfireshan, wato ƙarfin matse iska, na silinda huɗun, ya sa sikana. In sun fito lafiya, kuɗin da zaka fara biyan bashin jif da shi ka ware kaɗan daga ciki ka sa mata tayoyi huɗu sababbi, ka yi birki da alaimen, wato saitin tayoyi, ka wanke fitilun gaba da suka yi hazo don ka riƙa gani sosai da dare.