Akuya ce ko rago a kan sarkin Sinawa?

Tambaya: Malam barka da aiki. Yayana yana zuwa Guangzhou sarin kaya, ya kawo min wasu kan sarki a ambulan. Ɗaya na Sin ne na 2015 da hoton wata dabba mai ƙaho, ɗayan na Amurka an rubuta shekarar rago. Shi kuma ya ce shekarar akuya ake cewa a can. Wanne ne daidai, kuma me ya haɗa akuya da gidan waya?

Amsa: Ɗan'uwa barka kadai. Da yayanka da Amurkawan duk babu wanda ya yi kuskure. Sinawa suna ƙidayar shekaru da dabbobi 12, ɓera, sa, damisa, zomo, dodon nan nasu mai kama da maciji, sai macijin kansa, doki, akuya, biri, zakara, kare, alade, in an ƙare a sake komawa kan ɓera. Akuya ce ta 8, shekarunta su ne 1967, 1979, 1991, 2003, 2015, mai zuwa 2027. Sunan dabbar a bakinsu yang ne, kuma awaki da tumaki duk yang suke ce musu, shi ya sa kowace ƙasa ta zaɓi nata, Biyetnam akuya, Japan tunkiya, Amurka rago. Ka kuma lura shekarar tasu ba a 1 ga Janairu take kamawa ba, ta 2015 sai 19 ga Fabrairu ta shigo.

Abin da ya fi burge ni shi ne dalilin da suke girmama dabbar. In kana kiwo ka sha ganin ɗan akuya ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba yana shan nono yana kaɗa wutsiya, to Sinawa tun zamanin da sun ɗauki wannan durƙuson a matsayin ladabi da biyayya ga uwa, da shi suke yi wa yara misali. Garin da yayanka yake zuwa ma kirarinsa birnin awaki biyar, tatsuniyarsu ta ce wasu bayin sama biyar ne suka sauko a kan awaki, kowacce da zangarniyar shinkafa a baki, suka kawar wa garin yunwa. Mutum-mutuminsu na dutse yana nan a lambun Yuexiu, ka ce ya leƙa in ya koma.

Sai dai akwai wani camfi da yake min ciwo, wai cikin mutum goma da aka haifa a shekarar akuya tara ba sa jin daɗin duniya, musamman mata, har wasu ma'aurata suke gaggawar haihuwa a shekarar doki don su tsere mata. Wasu suna danganta shi da ƙiyayyar da aka yi wa sarauniya Cixi ta ƙasar Sin wadda aka haifa a 1835, shekarar akuya. Wannan zance ba shi da tushe ko kaɗan, arziƙin mutum da ƙaddararsa ba a hannun dabba suke ba, kuma zalunci ne a ƙi auren yarinya saboda shekarar da ba ita ta zaɓa ba.

Maganar kan sarki kuma, Hong Kong ta fara jerin nata na dabbobin shekara a 1967 kuma da rago ta buɗe. Sin sai 1980 ta fara, da biri, baƙin biri a kan jan fage wanda Huang Yongyu ya zana, kuɗinsa a lokacin fen 8 kacal, wato kwabo 8 na kuɗin Sin, yau kuwa masu tara kan sarki rububinsa suke da kuɗi masu kauri. To tunda da biri aka fara, akuya ce kullum take rufe zagaye, 1991, 2003, 2015, haka za a yi a 2027. Wanda ke hannunka Wu Guanying ne ya zana shi, ya fito 5 ga Janairun 2015 a kan yuwan 1.20. Amurka kuwa a ƙarshen 1992 ta shigo sahu da zakara.

Japan ce ta yi wadda ta fi daɗi. A katin gaisuwar sabuwar shekara na 2003, a gurbin kan sarki an zana wata tunkiya riƙe da alluran saƙa tana saƙa mayafin wuya, da 2015 ta zo sai ga tunkiyar nan ta gama ta naɗa abinta a wuya, mutane suka yi ta yaɗa hotunan biyu a intanet suna cewa ashe shekara 12 ta yi tana saƙar.

Game da naka, kar ka sa ran zai yi kuɗin na biri don an buga shi da yawa, amma ka adana shi. Kar ka ɓamɓare shi daga ambulan, hatimin gidan waya da kwanan watan da ke jiki suna ƙara masa daraja, kar ka sa masa gam ko salatif, ka sa shi cikin leda mai tsabta a wurin da danshin damina ba ya kaiwa.