Amsa ga Yayana: maganar takardar zama ta shugaban kamfani a Amurka

Assalamu alaikum Yaya Alhaji. Saƙonka ya iso, na saurare shi har sau biyu a jirgin ƙasa ina komawa gida Bronx a birnin New York. Ka ce an gaya maka a Kantin Kwari wai duk mai kamfani Amurka na ɗauke masa sharuɗɗa ta ba shi takardar zama, kana tambaya ko ta nan mutanenmu suka bi.

Yawancinmu ba ta nan muka shigo ba. 'Yan zangon Gana da 'yan Nijar da muke sahu ɗaya da su a masallaci, da yawansu cacar biza ce ta kawo su, wasu karatu, wasu iyali. Najeriya kuwa an cire ta daga cacar tun zagayen 2015, don mutanenta da suka samu zama sun haura 50,000 cikin shekara biyar. Amma maganar da ka ji tana da tushe, an dai ƙara mata gishiri.

A ƙa'ida, kamfanin da ke son nema wa baƙo girin-kad, wato takardar zama ta dindindin, sai ya bi ta Ma'aikatar Ƙwadago, ya tallata aikin, ya nuna bai samu ɗan ƙasa da ya cancanta ba. Wannan dogon matakin shi ake ɗauke wa wasu. Hanyar da ta shafe ka ita ce ta manajan kamfani mai reshe a ƙasa fiye da ɗaya. Akan fara da bizar L-1A, wato bizar wucin gadi ta manajoji: sai ka shugabanci kamfaninka na gida shekara ɗaya cur cikin shekara uku da suka wuce, kuma na nan ya zama reshensa ko mallakarsa a rubuce. In sabon ofis za ka buɗe, shekara ɗaya za su ba ka tukuna su ga kamun ludayinka, iyakarta duka shekara bakwai. In reshen ya shekara yana aiki, shi zai shigar maka da fom I-140 na neman girin-kad a rukunin EB-1C, wato na irin waɗannan manajoji. Na gida kuma dole ya ci gaba da aiki, kada ka rufe shi ka taho.

Inda mutanenmu ke tuntuɓe, Yaya, shi ne kalmar manaja. A wurinmu mai gida shi ne mai buɗe shago, shi ke ciniki, shi ke ƙirga kuɗi da yamma, kuma wannan ne darajarsa. A wurin USCIS kuwa, wato hukumar shige da fice ta Amurka, wanda ke yin waɗannan da hannunsa ma'aikaci ne, ko da dukiyar duka tasa ce. Wanda suke nema shi ne mai tsara manufa, mai ɗauka da sallama, wanda ke da manajoji ko ƙwararru a ƙarƙashinsa suna gudanar da aikin yau da kullum.

Na taɓa raka wani bawan Allah wurin lauya. Attajiri ne na gaske, yana da yara sun fi ashirin. Ya zo da jakar fata, ya fito da littafin bashi mai baƙin bango da katin da aka rubuta masa Ciyaman da ruwan zinare. Lauyar ta duba ta ce, "Ina takardar albashin ma'aikatanka?" Ya ce ai yaransa ne, ci da sha da aurensu duk a wuyansa suke, in sun kai lokaci ya sallame su da jari. Wallahi na san abin da yake yi musu ya fi albashi, don ni ma haka ka yi mini. Amma babu fom ɗin da ke da gurbin rubuta wannan. Shekara biyu ya koma yana gyara: rajistar kamfani a CAC, albashi ta banki, takardun haraji, akanta mai binciken lissafi, da jadawalin wane ke ƙarƙashin wane. Abin ya tsaya mini a rai, yadda amanar da ta riƙe kasuwar Kano shekara da shekaru ba ta zama shaida a nan sai an sa ta a takarda.

Ɗaya hanyar, wadda ake kira NIW, wato ɗauke sharaɗi don amfanin ƙasa, ita ce ainihin yafiyar da ka ji ana faɗa. Mutum ne ke nema wa kansa, ba sai da kamfanin da zai ɗauke shi ba. Sai dai tana son digiri na biyu, ko na farko da shekara biyar na ƙwarewa, ko shaidar gwaninta ta daban. Tun wani hukunci da USCIS ta yanke a Disamba 2016, wanda ake kira Dhanasar, ana duba ko aikin na da amfani ga ƙasar baki ɗaya, ko kai ne mai iya kai shi gaci, da ko ɗauke sharaɗin ya fi wa Amurka alheri. Ribar shagonka kaɗai ba ta isa ba. Injiniyoyi da likitocinmu sun fi dacewa da ita. Ban ga taka a nan ba, gara in faɗa maka tun yanzu.

Ka tambayi yadda muke yi in baƙo ya zo da irin wannan. Bayan Juma'a akan zauna a sha shayi, dattawa su ji bayaninsa, wanda ya taɓa bi ta hanyar ya faɗi abin da ya gani, daga nan a haɗa shi da lauya mai lasisi. Masauki da abinci a kanmu suke har ya tsaya da ƙafarsa. Abin da ba ma yarda da shi shi ne dillalin takarda, mai cewa zai ƙirƙiro maka ma'aikata da ofis. Ƙarya ɗaya in aka kama ta a neman biza, hani ne na har abada. Doka ma tana juyawa: a farkon 2020 an dakatar da bizar zama ga 'yan Najeriya, aka ɗage a Janairun 2021, don haka lauya zai fara duba wadda ke aiki a ranar.

Ka turo mini adadin yaranka da aikin kowanne, da takardar rajistar kamfanin, in kai wa lauya ta duba kafin ka kashe ko kwabo. A gaida Hajiya da yara, a ce wa Inna ina neman addu'a.